Haƙƙin Nakasassu A Baitul Mali: Me Naira Dubu Goma Za Ta Saya A Wata?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

A shekarar 2007 gwamnatin Jihar Jigawa, a zamanin Gwamna Sule Lamido, ta fara biyan nakasassu naira 7,000 kowane wata daga asusun jiha. An ɗebi mutum 150 daga kowace ƙaramar hukuma cikin ƙananan hukumomi 27, jimla mutum dubu huɗu da 'yan kai. A wancan lokaci kuɗin ba abin rainawa ba ne. Mafi ƙarancin albashin da dokar ƙasa ta tanada naira 5,500 ne, dala ɗaya kuma ba ta kai naira 130 ba. Wato makaho ko gurgun da sunansa ya shiga jerin yana karɓar abin da ya ɗara albashin ƙaramin ma'aikaci a doka. Jihar Sakkwato ma ta bi sahu a zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, inda take biyan naira 6,500.

Shekaru suka shuɗe. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, ya kai 70,000 a 2024. Kuɗin nakasassu na Jigawa kuwa ya shafe fiye da shekara goma sha biyar yana nan a 7,000, kafin gwamnatin Malam Umar Namadi ta ɗaga shi zuwa 10,000, kamar yadda gwamnatin Ahmad Aliyu ta yi a Sakkwato. A 2024 dala ta haura naira 1,500. Tallafin da a farkonsa ya fi dala hamsin, a kan wannan farashi bai cika dala bakwai ba, ko da yake an ƙara shi. Abin da ya fi albashi a da, ya koma kashi ɗaya cikin bakwai na albashi.

Adalci ne a faɗi cewa waɗannan jihohi biyu sun yi abin da yawancin takwarorinsu ba su yi ba, domin a jihohi da yawa babu ko wannan ɗin. Amma tambayar da ta kamaci Musulmi ita ce: wannan kuɗi kyauta ce da mai mulki yake bayarwa idan ya ga dama, ko kuwa bashi ne a wuyan hukuma? Idan kuma bashi ne, da wane mudu ake auna shi?

Rayuwa a kan naira 333

Idan aka raba naira dubu goma gida talatin, kowace rana ta tashi da naira 333. Wannan bai kai kuɗin mudun gero ba. Bai kai rabin litar man fetur ba, tun da man da ake saya ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ya haura naira dubu a ƙarshen 2024.

Ga shi kuma nakasa tana da nata harajin da mai cikakkiyar lafiya bai san da shi ba. Gurgun da zai je asibiti sau da yawa sai ya biya kuɗin mutum biyu a adaidaita-sahu, nasa da na kekensa, wannan ma idan direban ya yarda ya tsaya. Wanda ya samu rauni a laka yana buƙatar robar fitsari da ƙunzugu da maganin gyambon kwanciya, kuma babu watan da waɗannan buƙatu suke tafiya hutu. Mai farfaɗiya sai ya sha magani kullum. Ranar da maganin ya yanke ciwon yana iya dawowa, ya kayar da shi a bakin murhu ko a gefen rijiya. Zabiya yana buƙatar man da zai kare fatarsa daga rana, in ba haka ba ciwon dajin fata na jiran sa. Kurma kuwa yakan shiga ɗakin likita ya fito ba tare da ya fahimci yadda zai sha maganinsa ba, saboda babu mai yi masa tafinta da maganar hannu.

Bayan kowane nakasasshen da ba ya iya yi wa kansa hidima, akwai wani mutum da rayuwarsa ta tsaya cak. Galibi uwa ce ko mata ko 'yar uwa, wadda ta bar sana'arta domin ɗagawa da kwantarwa da wanki. Wani lokaci kuma yaro ne, wato ɗan jagoran da muke gani riƙe da sandar makaho a bakin titi, a daidai lokacin da sa'o'insa suke aji. Babu wani jeri na gwamnati da sunan waɗannan yake ciki.

Shi kansa dogaro da kuɗin hukuma yana da nasa ɗacin. Mutum ba ya da tabbacin ranar da za a biya, sai ya ci bashi a wurin mai shago da sunan idan an biya. Idan aka kira tantancewa, dole ya nemi kuɗin mota zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, ya wuni a rana. Banki yana da matakala da ƙofar da keke ba ya shiga. Wanda kuturta ta cinye wa yatsu, na'urar ɗaukar zanen yatsa ba ta gane shi. Sannan matuƙar adadin masu karɓa ƙayyadadde ne, wanda ya makance yau sai ya jira gurbi ya samu, gurbi kuwa yawanci mutuwa ce take samar da shi. Ƙidayar 2006 ta nuna Jigawa tana da mutum fiye da miliyan huɗu da dubu ɗari uku. Dubu huɗu a cikin wannan adadi bai cika mutum ɗaya cikin dubu ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya suna rayuwa da wata nakasa mai tasiri.

Nauyin wane ne?

Malaman fiƙihu ba su bar wannan mas'ala a hannun tausayi kaɗai ba. Sun jera waɗanda nauyin ciyarwa yake hawa kansu daki-daki. Farko dukiyar mutum ko sana'arsa, idan yana da su. Sai makusantan da shari'a ta ɗora wa ciyar da shi. Idan babu su, ko suna nan amma su ma ba su da hali, sai baitul mali. Idan baitul mali ya gaza, nauyin ya koma kan mawadatan garin a matsayin farilla ta kifaya, wadda idan kowa ya yi watsi da ita kowa ya yi laifi.

A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce aka fi bi a ƙasar Hausa, akwai wani bayani da ya kamata a tsaya a kansa. Littafin Risala na Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda kusan kowane zauren karatu ya san shi, ya nuna cewa uba yana ciyar da ɗansa namiji har ya balaga, da sharaɗin ya balaga ba shi da nakasar da za ta hana shi nema. Idan ya balaga da ita, ciyarwar tana ci gaba a kan uba. Amma littafin ya taƙaita ciyarwar dole ta dangi a kan iyaye matalauta da 'ya'ya. Wa da ƙane da kawu da baffa ba a tilasta musu a gaban alƙali, ko da yake sada zumunci yana kiran su. Hanafiyya ne suka faɗaɗa wajibcin zuwa sauran dangi muharramai.

Ma'anar wannan a fili take. A bisa mazhabar da kotunanmu suke hukunci da ita, ranar da mahaifin nakasasshe ya rasu bai bar dukiya ba, shi kuma ba shi da ɗa mai hali, babu wani mutum guda da za a kama a ce dole ya ciyar da shi. Wanda ya rage shi ne baitul mali. Saboda haka maganar da wasu jami'ai suke yi, cewa kula da nakasasshe aikin danginsa ne, ba ta cika daidai da littafin da muka karanta ba.

Asalin wannan hukunci yana cikin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa dukiyar da mamaci ya bari ta magadansa ce, amma bashi ko raunanan da ya bari ba mai kula da su, shi ne zai ɗauki nauyinsu. Malamai sun fahimci cewa ya faɗi haka ne a matsayinsa na shugaba, kuma nauyin yana gangarowa kan duk wanda ya riƙi dukiyar jama'a a bayansa. Ibnu Hazm ya ƙara fayyace mudun awon a cikin Almuhalla: abincin da ba makawa sai da shi, tufafin sanyi da na zafi, da wurin kwanan da zai kare mutum daga ruwa da rana da idon masu wucewa. Ya ce idan zakka ba ta isa ba, shugaba ya tilasta wa mawadata su cika. Wannan shi ne abin da malamai suke kira kifaya, wato abin da zai wadatar. Da buƙata ake auna shi, ba da wata lamba da aka rubuta shekara goma sha biyar da suka wuce ba.

Yadda magabata suka yi

Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, ya kawo a cikin Kitabul Kharaj labarin Sayyidina Umar ɗan Khaɗɗabi (RA) da wani tsoho makaho Bayahude da ya tarar yana bara. Da ya ji cewa tsufa da buƙata da jiziya ne suka fito da shi, sai ya kama hannunsa ya kai shi gida ya ba shi abin da ya sawwaƙa. Bai tsaya nan ba. Ya aika wa ma'ajin baitul mali cewa a duba wannan da ire-irensa, a ɗauke musu jiziya, domin ba adalci ba ne a ci ƙuruciyar mutum a yasar da shi da tsufa. Abin lura shi ne Umar ya fara da sadakar aljihunsa, amma ya ƙare da umarni ga ma'aji wanda ya shafi duk masu irin halin.

A cikin littafin dai akwai yarjejeniyar da Khalid ɗan Walid (RA) ya rubuta wa Kiristocin Hira a ƙasar Iraƙi, wadda ta tanadi cewa tsohon da ya kasa aiki, da wanda wata musiba ta nakasa, da mawadacin da ya talauce, za a ɗauke musu jiziya a kuma ciyar da su da iyalansu daga baitul malin Musulmi. Balazuri ma ya ruwaito cewa a tafiyar Umar zuwa Sham ya wuce wasu kutare Kiristoci, ya yi umarni a riƙa ba su abinci daga dukiyar sadaka. Idan wannan ne rabon wanda ba Musulmi ba, babu wata hujjar tambayar nakasasshe jam'iyyarsa ko garin da kakansa ya fito kafin a sa shi a jeri.

A zamanin Banu Umayya abin ya zama tsari. Ɗabari ya ruwaito cewa Halifa Walid ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga shekara ta 86 zuwa 96 bayan Hijira, ya yanka wa kutare abin da za a riƙa ba su, sannan ya hana su roƙon mutane. Ya ba kowane gurgu mai yi masa hidima, kowane makaho kuma ɗan jagora. An ruwaito makamancin haka daga Umar ɗan Abdul'aziz. A nan akwai darussa biyu. Na farko, Walid ya fara bayarwa ne kafin ya hana. Na biyu, hukuma ce ta ɗauki nauyin jagoran da mai hidimar, wato an gane tun wancan lokaci cewa hidima aiki ce mai cin lokacin mutum, kuma tana da farashi.

Ko a nan gida abin ba baƙo ba ne. Matafiyin nan ɗan Birtaniya, Kyaftin Clapperton, da ya shiga Kano a 1824 a zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya ga unguwa ta musamman ta makafi a cikin ganuwa, mai tsafta, ya kuma rubuta cewa suna da wani kaso da suke samu daga mai mulkin garin, ko da yake suna haɗawa da bara a kasuwa. Sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare da suke nan har yau shaida ce cewa masarautu sun daɗe da sanin waɗannan bayin Allah a matsayin jama'a masu shugabanci da murya.

Doka a takarda

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Hana Nuna Wariya ga Nakasassu ta 2018, bayan shekaru masu yawa ana kai ruwa rana a kanta. Dokar ta yi tanade-tanade masu kyau. Ta ba nakasasshe damar karatu kyauta har zuwa sakandare. Ta tanadi magani kyauta ga masu lalurar ƙwaƙwalwa a asibitocin gwamnati. Ta ware wa nakasassu aƙalla kashi biyar cikin ɗari na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati. Ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna musu wariya, kamfani kuma naira miliyan ɗaya. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa da za ta kula da aiwatar da ita.

Duk wanda ya shiga sakatariya ko kotu ko asibiti bayan cikar wa'adin ya ga yawan matakalar da har yanzu take nan. Amma babban giɓin yana cikin dokar kanta. Ta haramta amfani da nakasasshe wajen bara, ta haramta fakewa da nakasa a yi bara, amma ba ta yanka wa wanda ba ya iya aiki wani kuɗi na wata-wata ba. Haka abin ya kasance a jihohi. Kano ta kafa dokar hana bara a tituna a 2013. Kaduna ta hana a 2015, bayan tashin bam a Sabon Garin Zariya, har mabarata suka fito suka nuna rashin amincewarsu, suna tambayar abin da za su ci.

Babu mai musun cewa bara ƙasƙanci ce, kuma shari'a ta tsananta a kanta. Hadisin Ƙabisa da Muslim ya ruwaito ya taƙaita halaccin roƙo a kan mutum uku: wanda ya ɗauki nauyin biyan wata dukiya domin sulhunta mutane, da wanda annoba ta cinye dukiyarsa, da wanda talauci ya kama har masu hankali daga mutanensa suka shaida. Gaskiya ne kuma akwai waɗanda suka mayar da bara sana'a alhali suna da abin yi. Sai dai wanda ya hana bara bai tanadi madadinta ba ya juya tsarin Walid ne, ya fara da hani ya bar bayarwa sai hali ya yi. Sakamakon haka sananne ne: a kwashe su yau, bayan mako biyu su dawo, domin yunwa ba ta san doka ba.

Wajibi ne kuma a bambance tsakanin kashi biyu. Mafi yawan masu buƙata ta musamman ba ciyarwa suke nema ba, hanya suke nema. Abdullahi ɗan Ummu Maktum (RA), makahon da farkon Suratu Abasa ya sauka a kan sha'aninsa, ladani ne tare da Bilal, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha wakilta shi ya ja wa mutanen Madina salla idan ya yi tafiya. Aɗa'u ɗan Abi Rabah, wanda fatawar Makka ta koma hannunsa a zamanin tabi'ai, yana da nakasa a hannu da ƙafa, daga baya kuma ya makance. A Kano, waɗanda cutar shan-inna ta nakasa sun daɗe da haɗa kai suna walda suna ƙera kekunan guragu da hannunsu. Irin waɗannan, haƙƙinsu a kan hukuma shi ne makaranta kamar ta Tudun Maliki ta wadatu da malamai da kayan rubutun makafi, a cika musu gurbin aikin da doka ta ba su, a sayi abin da suka ƙera. Kashi na biyu su ne waɗanda ba za su taɓa iya nema ba, kamar wanda jikinsa ya shanye gaba ɗaya da mai taɓin hankali mai tsanani. Waɗannan babu wani koyon sana'a na mako biyu da zai raba su da buƙata. Ciyar da su ne wajibi, har ƙarshen rayuwa.

Zakka da waƙafi

Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas na masu cin zakka. Ba a ambaci nakasa da sunanta a ciki ba, domin makaho mawadaci shi ma fitar da zakka zai yi. Nakasasshe yana shiga ne ta ƙofar faƙiri da miskini. Ɗabari ya kawo a tafsirinsa cewa Ƙatada yana ganin faƙiri shi ne mabuƙaci mai nakasa, miskini kuma mabuƙaci mai lafiya. A kan wannan fassara, nakasasshe matalauci shi ne na farko a jerin.

Nawa za a ba shi? Malikiyya sun ce ana iya ba matalauci abin da zai ishe shi shekara guda. Shafi'iyya sun wuce nan, suka ce a ba mai sana'a jarin da zai tsaya da ƙafarsa, wanda ba ya iya sana'a kuma a ba shi abin da zai mallaki kadarar da amfaninta zai riƙe shi tsawon rayuwa. Mai karatu ya kwatanta wannan da abin da aka saba gani a ƙofar gidajen attajirai cikin Ramadan: turmutsutsu, naira dubu ɗaya ko biyu a ambulan, mai ƙarfi ya ture gurgu, wanda yake kwance a ɗaki ba ya iya fitowa kuma ko labari bai ji ba.

Tun bayan dawo da shari'a da aka fara a Zamfara a 1999, jihohi da dama sun kafa hukumomin zakka. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, Sakkwato tana da hukumar zakka da waƙafi, a Jigawa kuma masarautun Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim ne suke tattarawa ta hannun kwamitocinsu, musamman zakkar hatsi. Kayan aikin suna nan ke nan. Abin da ya rage shi ne kowace gunduma ta samu rajista ta gaskiya, wadda mai unguwa da liman da shugabannin nakasassu da ma'aikacin lafiya za su bi gida-gida su haɗa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gara a ɗauki gida ashirin a wadata su shekara guda, da a raba wa mutum dubu abin da zai ƙare kafin la'asar. Buƙatar da take maimaituwa kowane wata, kamar maganin farfaɗiya da na taɓin hankali, ita ce ta fi dacewa da waƙafi: shago ko gona ko gidan haya da za a tsayar, kuɗin da yake shigowa ya riƙa tafiya kai tsaye wurin magani.

Sai dai zakka ba ta sauke wa gwamnati nata nauyin. Masu cewa babu kuɗi, lissafi zai raba gardama. A ɗauka jiha tana biyan mutum dubu biyar rabin mafi ƙarancin albashi, wato naira 35,000. A shekara kuɗin ya kama naira biliyan biyu da miliyan ɗari. A kasafin da ya kai biliyan ɗari uku wannan bai cika kashi ɗaya cikin ɗari ba, ga shi kuwa kason da jihohi suke samu daga asusun tarayya ya ƙaru bayan cire tallafin mai. Gyaran da ya fi muhimmanci shi ne a daina rubuta lamba a doka, a ɗaure tallafin da mafi ƙarancin albashi, ta yadda duk ranar da aka ƙara wa ma'aikaci, na nakasasshe zai motsa ba sai ya yi zanga-zanga ba. A sa ranar biya a kuma kiyaye ta. A buɗe rajista ga duk wanda likita ya tabbatar ba ya iya nema, ba sai wani ya mutu ba. A kuma sa masu jinya a lissafi, domin ɗan jagora ya koma makaranta.

Mutunci

Akwai abin da ya wuce kuɗi. Alƙur'ani ya yi gargaɗi a Suratul Baƙara cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Idan wannan ne hukuncin wanda ya bayar daga dukiyarsa, ina ga wanda ya jera guragu a rana tun safe, ya ɗora musu buhu a cinya, ya sa a ɗauki hoto a watsa a Facebook, alhali dukiyar ta jama'a ce, shi amana kawai aka ba shi? Mai karɓar haƙƙinsa ba a sa shi waƙar yabo kafin a miƙa masa.

Mu ma da muke zargin hukuma, a duba masallatanmu. Da yawa an gina su da matakala mai tsawo da wurin alwalar da mai keke ba ya iya kaiwa. Kurma yana halartar Juma'a shekara da shekaru bai taɓa sanin abin da huɗuba ta ƙunsa ba. Mun saba ganin nakasasshe a bakin ƙofa yana jiran a fito, har mun manta cewa wurinsa yana cikin sahu. Muslim ya ruwaito cewa wata mata mai lalura a hankalinta ta ce wa Manzon Allah (SAW) tana da buƙata a wurinsa, ya ce ta zaɓi duk hanyar da take so, ya tsaya da ita har ta gama bayaninta. Shugaban al'umma ke nan, ya ba ta lokacinsa ba tare da ɗan aike ba.

Hausawa sukan ce ba a gama wa ɗan Adam halitta sai ranar da ya koma ga Ubangijinsa. Haɗarin mota a hanyar Kano zuwa Zariya, hawan jinin da yake shanye ɓarin jiki cikin dare ɗaya, ciwon sukarin da yake cin ƙafa da ido, harsashin 'yan bindiga, duk suna ƙara sababbin sunaye a layin da babu gurbi. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan-inna ta daji daga Najeriya a watan Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta nakasa suna nan tare da mu, suna tsufa, iyayen da suke ɗauke da su kuma suna ƙarewa. Tsarin da za a gina musu yau, shi ne wanda ni da kai za mu tarar idan tamu ta zo.

Ya rage ga malamai su karantar da wannan babi kamar yadda suke karantar da babin tsarki, ga 'yan majalisar jiha su gyara doka, ga mawadata su tsayar da waƙafi, ga kowane mai unguwa kuma ya san gidan da ake da kwantacce a unguwarsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya ba shugabanninmu ikon sauke amanar da ke wuyansu. Allah ne Mafi sani.